Maigida yana sa ni farke ɗinki a gaban mutane: gyara ne ko hassada?

Wani matashi ne ya aiko da tambaya. Ya ce shekararsa 4 yana koyon ɗinkin maza a wani shago, hannunsa ya faɗa, har abokansa suna kawo masa ɗinki gida, in ya ɗora hoton aikinsa a WhatsApp kuwa yabo ba ya ƙirguwa. Amma maigidansa bai taɓa buɗe baki ya ce "ya yi" ba. Makon jiya ma sau biyu ya sa shi farke wuyan wani kaftani, mai rigar yana zaune yana kallo. Yana so ya sani, shin hassada ce, kuma ko lokaci ya yi da zai tattara ya buɗe nasa shagon.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa nema albarka.

Sau biyu na karanta saƙonka. Ka gaya mini shekarunka a shagon, ka gaya mini masu yabonka, ka gaya mini irin kallon da mai rigar ya yi maka da yadda gumi ya karyo maka. Abu ɗaya ne ban gani ba a ciki: me ya sami wuyan? Karkacewa ya yi, ko shaƙewa, ko gam ɗin da ake mannawa a ciki don wuya ya tsaya ne ya kumbura, ko ɓari ɗaya ya fi ɗaya tsawo? Ina kyautata zaton kai ma ba ka sani ba. Lokacin da maigidan yake magana, kunnenka yana kan amon muryarsa, idonka yana kan mai riga, babu abin da ka bari a kan wuyan. Ba laifinka nake gani ba. Na zauna a wannan kujerar da kake kai, na san yadda jini yake hawa ka har mutum ya daina ji.

A Fagge na koyi ɗinki, shekara 30 da ɗoriya ke nan, a kan baƙin keken ƙafa ƙirar Butterfly. Shekarar farko ban san komai ba sai hura gawayin dutsen guga, da sa maɓalli, da kalmasa, da aike. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba mai yawan magana ba ne. In ka gama riga sai ya kama ta a kafaɗu biyu, ya ɗaga ta sama ta sauka da nauyinta, ya dube ta jim kaɗan. In ta yi, ya miƙa wa mai guga. In ba ta yi ba, sai ka ji ƙarar reza ta faɗo a kan kekenka. Shi ke nan hukuncin. Na tsani ƙarar rezar nan fiye da yadda zan iya kwatanta maka.

Wata rana ana saura kamar kwana 10 Sallah, ya ba ni farar shadda yadi 5 ya ce in yanka kaftani da wando. Lokacin bai daɗe da fara sakar mini almakashi ba. Na ga in na ɗan karkata yankan zan rage kusan rabin yadi, in yi wa ƙanina hula da shi. Na karkata. Na ɗinke tsaf, ɗinki kamar a lasa. Ya ɗaga rigar yadda ya saba, sai na ga gefenta ya murɗe, tsagar dama ta leƙo gaba, ta hagu ta koma baya. Na tsaya ina jiran reza. Ba ta faɗo ba. Ya naɗe rigar ya sa a ƙarƙashin tebur, ya ɗauki kekensa na hawa ya tafi Kantin Kwari ya sayo wata shaddar da kuɗin aljihunsa, ya yanka da kansa. Kwana uku bai ce mini ci kanka ba. A cikin kwana ukun nan na gane cewa reza rahama ce. Duk rigar da aka jefo maka reza a kanta, ana nufin tana gyaruwa, kai ma kana gyaruwa. Yadin da aka yanka ba bisa tsayuwar zarensa ba, babu rezar da za ta cece shi, in ma ya ɓoye aibinsa ranar farko, wanki ɗaya zai tona.

To bari in gaya maka abin da ba za ka gane ba sai ranar da ka rataya allon sunanka a ƙofar shago. Bahaushe ba ya kushe maka ɗinki a fuskarka. Kara ba za ta bar shi ba. Zai sa rigar a gabanka, ya ji tana cin hammatarsa, ya dubi madubi ya ce "ma sha Allah, ta yi, Allah ya ƙara basira", ya cika maka kuɗinka har da na shan ruwa. Ya sa ta Juma'a ɗaya, ya cire ya ba ƙaninsa ko maigadin gidansa. Sallah mai zuwa za ka hango shi a filin Idi cikin ɗinkin wani. Ku gaisa, ya tambayi iyali, ka tambayi nasa, babu wanda zai ta da maganar. In ka yi rashin sa'a, a majalisarsu an riga an gama da kai: "Yaron yana da kirki, amma wuya ne bai iya ba." Mutum 10 sun ji, kai kaɗai ne ba ka ji ba. Cikin kwastomomi 10 da suka ƙi jinin aikinka, da wuya ka sami biyu da za su dawo su faɗa, su ma galibi sai in yadin mai tsada ne ƙwarai. Wannan ba ƙididdiga ba ce, abin da idona ya gani ne a shago.

Saboda haka mutumin nan da yake ɗaga maka murya, ko da salonsa bai yi maka daɗi ba, shi ne kusan na ƙarshe a rayuwarka da zai riƙa gaya maka aibin aikinka kyauta, a kan lokaci, tun rigar ba ta bar shago ba. Daga ranar da ka bar shi, sukar ba za ta ƙare ba. Shiru kawai za ta koma, kuma da kuɗinka za ka riƙa sayenta.

Yabon WhatsApp kuwa, ka karɓa ka yi godiya, amma kada ka auna kanka da shi. Hoton riga a kan hanga, an goge ta, an ɗauka daga inda haske ya fi kyau. Hoto ba ya ruku'u, ba ya hawa babur, ba ya miƙa hannu ya ɗauko abu a saman kanta, ba a taɓa wanke shi ba. Su kuma abokan nan naka, nawa kake karɓa a hannunsu? In rabin kuɗi ne, ko "kawo abin da ya samu", to wanda ka yi wa alfarma ba zai iya duban idonka ya ce kafaɗar ta zube ba.

Abin da ya canza mini sana'a gaba ɗaya shi ne na koyi mayar da kowace suka zuwa inci. Magana tana zuwa da zafinta, wani lokaci da gatse, wani lokaci da raini. Duk wannan kwali ne. Ka buɗe ka duba ko akwai awo a ciki. Tambaya ɗaya ce take buɗe shi: "A ina ne?" Ba "me na yi kuma?" ba, wannan neman faɗa ne. Ba "ai haka ake yayi" ba, wannan rufe ƙofa ne. "Maigida, nuna mini wurin." In mutum ya iya ɗora yatsa a kan yadi ya ce nan, to ya ba ka abin da za ka yi aiki da shi, ko da da zagi ya haɗo.

Da kwastoma abin ya fi wuya, don shi ba ya jin yaren tela, kai ne za ka fassara. Zai ce maka rigar tana guduwa baya, wuyan yana shaƙe shi. Yaro sabon hannu sai ya ɗauki almakashi ya ƙara zurfin wuyan gaba, rigar ta ƙara gudu. Alhali yawanci bayan ne ya gaza: mutumin yana da ɗan rankwafawa ko kaurin doron wuya, tsawon baya daga kafaɗa bai ishe shi ba, sai rigar take jan gaba don ta cike gurbin. Wani zai ce ta ɗage masa a gaba kamar rigar aro. Tumbi ne ya cinye tsawon, kai kuma ka yanka gaba da baya daidai wa daida. Wani zai ce "ba ta zauna mini ba, ka ƙara faɗi", ka duba ka ga ninki ya taso daga wuya ya gangara hammata. Faɗi ba shi da laifi, kafaɗunsa ne masu gangara, kai ka yanka masa na mai miƙaƙƙiyar kafaɗa. Wani zai ce wando yana kama shi in ya zauna, ya ce a ƙara cinya, alhali hantsa ce ta yi gajarta. Abin da na lura da shi a tsawon shekarun nan shi ne, in kwastoma ya ce akwai matsala, kusan kullum yana da gaskiya. In ya gaya maka maganinta, sau da yawa ya kuskure. Tela mai girman kai yakan ji maganin da bai dace ba, sai ya watsar da ƙorafin duka ya ce mutumin bai san ɗinki ba. Tela mai tsoro kuma sai ya yi abin da aka ce masa ko da ya san ba shi ne ba, ya ɓata rigar gaba ɗaya. Kai ka karɓi ƙorafin da hannu biyu, maganin kuma ka nemo shi da tef ɗinka.

Wannan ma'aunin shi zai raba maka wadda za ka ɗauka da wadda za ka bari ta wuce. "Kai ba za ka taɓa iyawa ba." Babu inci a ciki. "Dama 'yan unguwarku haka kuke." Babu inci a ciki. Ka bar su a inda suka faɗi. Amma kada ka yi kuskuren auna magana da ƙaunar mai faɗinta. Akwai wani tela da muka yi maƙwabtakar shago, ba ma ga maciji da juna saboda kwastoma. Wata rana a teburin mai shayi ya ce kwalar rigunana kamar kunnen jaki, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Aka yi dariya. Na kwana ina juyi. Da asuba na buɗe shago na ɗauko riguna uku da ke jiran masu su, na haɗa bakin kwala da bakin kwala. Wallahi yana da gaskiya. Ba na rage naman yadin da ke kusurwa kafin in juya, sai ɓari ɗaya ya dunƙule. Shekaru ina yi, masoyana duka sun gani, babu wanda ya faɗa. An ruwaito cewa Sayyadina Umar yana cewa Allah ya jiƙan mutumin da ya kawo mini aibobina kyauta. Ni dai ban kai matsayin yi wa maƙwabcin nan addu'a a ranar ba, amma kwalata ta miƙe tun daga lokacin.

Yanzu maganar yi maka a gaban mutane. Nan kam ba zan goyi bayan maigidanka ba. Akwai baitocin da ake jingina wa Imamu Shafi'i inda yake cewa a yi masa nasiha a keɓe, domin nasiha a cikin taro wani nau'i ne na tozartawa. Haka ne. Wasu masu shago suna yi ne don mai riga ya ga ba a wasa da aiki a wurin, wasu kuma haka aka yi musu, ba su san wata hanya ba. Ni ma na yi wa yarana haka a farkon buɗe shagona, sai da na lura cewa yaron da aka kunyata a gaban baƙo ba ya koyon komai a ranar, hannunsa rawa yake yi, farkewar ma sai ya huda yadin. Shadda kuwa ka sani, ba ta mantuwa, duk inda allura ta bi sai ta bar sawu. Kana da damar ka nemi a canza maka, amma da lokacinsa da lafazinsa. Ba lokacin da abin yake faruwa ba. Ka bari sai safiya kafin sauran yara su zo, ko bayan an tashi. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce: "Maigida, wuyan nan na ran nan har yanzu ban gane inda na kuskure ba, ina so a nuna mini." Ka bari ya nuna maka, ka gwada a ƙyalle a gabansa. Sai bayan nan ka ce: "Ina neman alfarma, in na yi kuskure a kira ni ciki, in da baƙo hankalina tashi yake yi ba na fahimta." Da wuya dattijon da ya ga ka fara da neman ilimi ya ƙi maka ta biyun. In ka fara da ta biyun kuwa, abin da zai ji kawai shi ne yaro ya fara fiffike.

Akwai iyaka. Duka, ko zagin iyaye, ko hana ka abin da aka yi alkawari, waɗannan ba gyara ba ne, kuma haƙuri da su ba ladabi ba ne. In abin ya kai nan, wanda ya kawo ka shagon, mahaifinka ne ko kawunka, shi zai je ya yi magana. Ba ka ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba, shi ya sa na wuce.

Hassada fa? Akwai ta a sana'armu, ba zan ɓoye maka ba. Amma na san kamanninta, kuma ba su yi kama da abin da ka kwatanta ba. Maigida mai hassada ɓoye ilimi yake yi. In zai yi yanka sai ya aike ka sayen zare. Ko ya yi yankansa da daddare, da safe ka tarar da gunduwa-gunduwa ka harhaɗa. Shekara 4 kana shagonsa ba ka wuce kalmasa da wibin, wato ɗaure bakin yadi, ba. In ka yi kuskure ma ba ya damuwa ya nuna maka, sai ya karɓa ya ba wani ya gyara. Wanda ya tsaya a kanka ka farke sau biyu, ya yi asarar lokacinsa, da zarensa, da man janaretansa, ya kuma jinkirta wa kwastomansa. Mai hassada ba ya wannan wahalar, barinka zai yi ka fita duniya da karkataccen wuya. Don haka tambayar da zan mayar maka ita ce: yana ba ka almakashi? Yana barinka ka auna mutum da kanka? In eh, to cire hassada daga lissafi. In a'a, bayan shekara 4, to akwai magana, amma ita ma ta fi kama da son ya ci gaba da morar hannunka fiye da baƙin ciki.

Wannan ya kawo mu kan buɗe shago. A nan sai ka raba shawarar maigidanka gida biyu. A kan ɗinki, ka ji maganarsa ɗari bisa ɗari, domin bukatarku ɗaya ce, kowa so yake riga ta yi kyau. A kan ranar tafiyarka kuwa, bukatarku ta rabu. Yaron da hannunsa ya faɗa shi ne ribar shago, babu maigidan da yake murnar rabuwa da shi, har da ni mai wannan maganar. In ya ce "da saura", yana iya zama gaskiya, yana iya zama son rai, yana iya zama duka biyun a cakuɗe shi kansa bai tantance ba. Abokanka masu cewa "ka fi shi iyawa, ka fita" su ma ba su za su biya maka haya ba. Ka nemi wanda amsarka ba za ta ƙara masa ko ta rage masa komai ba. Mafi amfani shi ne telan da ya buɗe nasa shekara 2 ko 3 da suka wuce, wanda ciwon bai warke masa ba tukuna. Ka tambaye shi watannin da ke tsakanin Babbar Sallah da azumi da me yake cin abinci. Ka tambaye shi nawa mai yake ci masa a mako tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Ka tambaye shi ranar da ya fara ɓata yadin mutum, wa ya biya. A shagon maigidanka, in ka ɓata shaddar Getzner yadi 10 na babbar riga, kunya ce taka, asara tasa. A naka shagon duka biyun naka ne, kuma irin wannan kuskure ɗaya yana iya cinye ribar Sallah guda.

Kafin ka je ga kowa ma, ka yi wa kanka jarrabawa. Riga 10 a jere, daga awo har guga, ba tare da an ce ka farke ba. Ba na samari masu jiki kamar sanda kaɗai ba. A ciki a sami mai tumbi, a sami dattijo mai rankwafawa, a sami ƙaramin yaro da ba ya tsayawa a auna shi. In kana son alƙalin da bai san ka ba bai san maigidanka ba, akwai jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, wadda ake farawa daga mataki na 3 a hau na 2 zuwa na 1. Takardar tana amfani in neman aiki ko kwangila ya taso. Sannan ka samo littafi, ko ka yi amfani da bayan littafin awonka. Duk rigar da aka dawo da ita ko aka sa ka farke, ka rubuta kwanan wata da dalili a layi ɗaya. Bayan wata 3 ka karanta. Za ka ga ba kurakurai 30 kake yi ba, biyu ne ko uku suke ta maimaita kansu cikin riguna daban-daban. Mutum ba ya iya gyara "ban iya ba", amma yana iya gyara "ina tsuke wuyan baya da rabin inci".

Akwai shawarar da na ƙi ji, har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tsaya mini a ƙirji. Ranar da maigidana ya yaye ni, bayan an yi addu'a an shafa, ya ce mini abu ɗaya: in azumi ya kama, ka san riga nawa kake iya gamawa a yini, ka ninka da kwanakin da suka rage, ka cire kwana uku na rashin wuta da rashin lafiya, in lissafi ya cika ka rufe littafi ko ɗan sarki ne ya zo. Na ce to. A raina na ce tsoho ne, ba ya son kuɗi. Azumin farko a shagona duk wanda ya zo na karɓa, har da kafin alƙalami. Daren Sallah wajen ƙarfe biyu, wani bawan Allah ya zo karɓar kayan 'ya'yansa uku, da ƙaraminsu a hannu, wai ya ƙi barci sai ya ga rigarsa. Yadin yana cikin ledarsa yadda ya kawo shi, ko alli ban sa masa ba. Na fara kame-kame. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce "ba komai, Allah ya kaimu", ya ɗauki ledarsa. Yaron ne ya yi ta waiwayena har suka sha kwana. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Bai sake takowa shagona ba, kuma danginsa kaf da suke kawo mini ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce mini don me.

Kada kuma ka ɗauka wannan karatun yana ƙarewa ranar da ka zama maigida. A lokacin ne ma yake ƙara wuya, domin gyaran zai riƙa zuwa daga ƙasa. Wani yarona ya taɓa ce mini, cikin ladabi, samari sun daina son yanka mai faɗi irin nawa, sun fi son wanda ya ɗan bi jiki. Na ce masa ni ba na ɗinka rigar da mutum zai yi sujada ta yage. Na ji daɗin amsar tawa ƙwarai, har na maimaita ta a majalisa. Ina nan ina jin daɗinta 'ya'yan kwastomomina suka koma wasu shaguna, iyayen kaɗai suka rage mini, su kuma kullum raguwa suke yi. Da na sauko na zauna da yaron, sai na ga ashe ana iya rage faɗin jiki a bar wa kafaɗa da hammata sararinsu, riga ta bi jiki kuma a yi salla da ita lafiya lau. Rabin maganata gaskiya ce, rabin tasa gaskiya ce, girman kai ne ya hana a haɗa su da wuri. Wannan yaron ne dai ya dame ni in bari ya riƙa ɗaukar hoton aikinmu yana turawa a waya, ina ce masa wasan yara ne. Ƙaramar Sallar 2020, da korona ta sa aka kulle Kano, kasuwanni a rufe, ko hawa ba a yi ba, ɗan abin da ya shigo mana ta wayar yaron nan ya biyo. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, haka ne. Amma akwai abin da ke ƙasa kusa da ƙafa, wanda yaro yake gani babba ya tsallake.

Ka yi maganar kana so ka ji daɗin sana'arka, ka gaji da zama kullum a takure. Ni inda nake samun nawa daɗin, Allah ya yafe mana, a masallacin Juma'a ne da filin Idi. Tela ko a sahu yake idonsa yana kan wuyan rigar na gabansa. In an sallame nakan ɗan tsaya in ga mutane suna tashi. Can sai in hango rigar da na ɗinka shekara 3 da suka wuce, ta sha wanki ta sha bugu, mai ita ya durƙusa ya miƙe, ta koma ta zauna a kafaɗarsa kamar da ita aka haife shi. Shi bai san ina kallo ba, ba zai yabe ni ba, ba na ma bukata. Kowane wuri da rigar nan ta zauna daidai, ina iya tuna wanda ya taɓa gaya mini cewa wurin bai yi ba. A can ne kuma nake kama kurakuraina na yanzu, don har gobe ina yi.

Game da tafiya, in lokacin ya yi, ka fita ta ƙofa. Babbanka ya je ya nema maka, a sa rana, a yi 'yar walima, maigida ya sa maka albarka. Ban da albarkar kanta, akwai amfani na zahiri: ranar da aiki ya yi masa yawa kai zai turo wa, ranar da aka kawo maka yankan da ya fi ƙarfinka kana da inda za ka je ka tambaya ba tare da kunya ba.

Kaftanin nan dai, in bai bar shagon ba, gobe ka riga kowa zuwa ka ɗauko shi. Ka ninka wuyan biyu daga tsakiyar baya, ka haɗa kafaɗa da kafaɗa, ka sa tef ka auna kowane ɓari daban. In ka ga bambancin da kanka, ka rubuta shi a shafin farko na littafin nan. In ba ka gani ba, ka jira maigidan ya zauna ya sha shayinsa, sannan ka kai masa rigar da tef ɗin tare. Ka rubuto mini abin da ya nuna maka.